Tantanin da Ake Sawa a Dasashi Yana Dawo da Ƙashi?

Tambaya: Likita, turmina na ƙasa yana girgiɗa. An ɗauki hoto aka ce ciwon dasashi ya zaizaye ƙashin da ke riƙe da shi. Na ji ana sa wani tantani ƙashin ya sake tsirowa. Gaskiya ne? Zai yi mini?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya ne akwai wannan aiki, amma tantanin ba shi ke yin ƙashi ba, jikinki ne ke yi. Idan aka wanke ramin da cutar ta haƙa a gefen saiwar haƙori, naman dasashi ya fi ƙashi saurin tofowa, sai ya riga shi cike gurbin. Tantanin yana tare naman ne, kamar shingen da ake yi wa dashen bishiya, har ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure haƙori su samu sararin tsirowa a hankali. Likitoci a ƙasar Suwidin, Nyman da abokan aikinsa, su suka fara nuna hakan a jikin mutum a 1982.

Ko zai yi miki, wannan ya danganta da siffar ramin. Idan mai zurfi ne, matsattse, da bangon ƙashi biyu ko uku kewaye da shi, ana samun sakamako mai kyau. Haka ma idan cutar ta shiga tsakanin saiwoyin turmin ƙasa amma ba ta huda ta fita ɗaya gefen ba. Idan kuwa ƙashin ya zaizaye bai ɗaya a duk muƙamuƙin, babu tantanin da zai ɗaga shi, kuma ba na son ki kashe kuɗi a kan haka.

Kafin a kai ga tiyata, dole a kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, jini ya daina fita in kina goge baki. Ciwon suga da ba a daidaita ba da shan taba suna ɓata aikin sosai.

Tantanin iri biyu ne. Akwai wanda ba ya narkewa, sai an sake buɗe wurin bayan mako 4 zuwa 6 a cire shi. Akwai mai narkewa da kansa, shi aka fi amfani da shi yanzu. A nan ki yi tambaya tun da wuri, don da yawa daga cikin masu narkewar daga jikin alade ake samo su, irin su Bio-Gide. Akwai na saniya, akwai kuma na roba mai narkewa da ba na dabba ba. Ki gaya wa likitanki wanda kika yarda da shi kafin a sayo.

Bayan aiki kada ki tauna a gefen, kada burushi ko asuwaki ya taɓa wurin sai likita ya ba ki izini. Sabon ƙashi ba ya fitowa a hoto sai bayan wata 6 ko fiye.