Amsa ga mai tambaya kan komawa Minecraft da abokai

Salam ɗan uwa. Na ga tambayarka cewa kun shekara biyar ba ku taɓa wasan gini na Minecraft ba, abokai duk sun watse, shin ko ya dace ku koma kuma ta yaya. Wallahi ku koma, amma bari in gaya maka yadda tamu ta kasance.

Mu huɗu ne nan Gusau, mun fara lokacin zaman gida na korona a 2020, sannan da anka yanke sabis a Zamfara watan Satumba 2021 sai wasan ya zame muna wurin hira, don in kuna wuri guda ba ya buƙatar data, mutum ɗaya ya kunna hotspot sauran su shiga duniyarshi, shi ke nan. A zauren gidanmu muke zama bayan la'asar, wayoyi huɗu kan fawa bank guda. Daga baya ɗaya ya tafi bautar ƙasa, ɗaya ya yi aure, ni kasuwa ta riƙe ni.

Bara munka ce mu dawo. Mun fara da tsohuwar duniyarmu, muka zagaya gidajen da munka gina, ga ramin da creeper, dodon wasan mai fashewa, ya fasa bakin ƙofa har yanzu ba a cike ba, kowa ya yi shiru, minti ashirin babu wanda ya san mi zai yi. Shawarata ku leƙa tsohuwar sau ɗaya ku gaisa da ita, sannan ku buɗe sabuwa, don wasan ya canza ƙwarai. Tun sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021 ƙasa ta ƙara zurfi har -64, daimon ɗin da muke haƙa wajen mataki 11 yanzu sai ka gangara kusan -58, kogwanni kuma sun zama manya har tsoro suke ba mutum.

Abin da ya riƙe mu dai shi ne laka. A 2022 masu wasan sun kawo ta, ka zuba ruwan kwalba kan ƙasa ta zama laka, ka haɗa da alkama, ka fitar da tubali, kamar dai yadda magina ke cuɗa ƙasa da ciyawa a ƙauye. Da shi munka gina gida irin namu, zaure, soro mai zanko, rumbu biyu, turken awaki a baya. Abokina da ya taso Kwatarkwashi ya kwana uku yana gyaran rumbu wai bakinshi bai yi daidai da na kakanshi ba. 2023 kuma sun ƙara raƙumi, mutum biyu ke hawa.

Maganar haɗuwa daga nesa, kowa ya buɗe akawun na Microsoft, su ne masu wasan tun da sunka saye Mojang, kamfanin da ya yi shi, a 2014, kuma ku tabbata bashon (version) ɗin wasanku ɗaya ne in ba haka ba ba zai bari ku shiga ba. Matsalar kawai mai duniyar dole yana ciki kafin wani ya shiga. Akwai Realms, tsarin da ke barin duniyar a buɗe ko mai ita ba ya ciki, da ake biya duk wata, yana ɗaukar mutum 10 lokaci guda, mu ba mu yi ba, mun dai tsayar da daren Juma'a bayan isha'i, awa ɗaya da rabi, mai NEPA a ranar shi ke buɗewa.

In hutu kuke nema ku sa shi Peaceful satin farko, ba dodanni ba yunwa, ku kira juna a WhatsApp kuna gini kuna hira. Mu a nan muka ji matar ɗayanmu ta haihu, muna tsakiyar dasa rake bakin ruwa. Yanzu masallaci muke ginawa, hasumiya ta rage, Juma'ar nan in sha Allah za mu ɗora ta.