Allurar gudu ta tsaya a tsohuwar Peugeot 504: yaya zan ciro tablon?

Tambaya: Malam, ina da 504 da na gada wurin mahaifina a nan Damagaram. Allurar gudu ta daina motsi, fitilun tablo, wato allon agogunan da ke gaban direba, su ma sun mutu. Yaya zan ciro shi ban yi ɓarna ba?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka ci moriyarta. Motar da aka fara ƙerawa a 1968, aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, ƙarfenta bai da matsala. Robarta ce abin tsoro. Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40 a nan, ya riga ya gasa ta, da ka matsa sai ta tsage. Kada ka taɓa ta da tsakar rana, kuma kada ka sa ƙarfi ko kaɗan.

Fara cire wayar batir ta wajen alamar ragi. Sannan ka duba abin da ke riƙe da tablon, sukuru ne ko ƴan maƙalai. In za ka ɓanɓara, naɗe bakin turnabis da tsumma.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne nan: tablon zai taso kaɗan ya tsaya, mutum ya fizga. Kebul ɗin agogon gudu ne ya riƙe shi, wanda ya taso daga akwatin giya ya shiga bayan agogon. Zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari ka kwance shi. In hannu bai kai ba, ka kwance ta wajen giya, ka turo shi ciki ya saki. Zare siririn ƙarfen da ke cikinsa ka duba, don sau da yawa shi ne ya katse, agogon lafiyarsa lau. Ƙura kan cuɗe da tsohon giris ta daskare, sai ka wanke ka shafa sabo kaɗan, ban da bakin da ke shiga agogon.

Kafin ka zare wayoyin baya, ɗauki hotonsu da salula. Jikin fulogi za ka kama, kar ka ja waya. Ƙwayayen fitilun kuwa ka canza su duka tunda ka buɗe.

Kar ka hau titi ba ka mayar da tablon ba. A tsofaffin motoci da yawa ta fitilar caji ta tablon ne altaneta, na'urar da ke cajin batir, ke samun wutar farawa, kuma ba za ka ga gargaɗin mai ko zafin inji ba.