Yaran da ke tashi sama a fim: tsafi ne ko dabara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Daura. 'Ya'yana sun kalli wani fim na Turawa na wasu yara masu baiwar ban mamaki: wata tana tashi sama, wani ba a ganinsa sai tufafinsa, wata kuma wuta ke fita daga hannunta. Tun ranar autana, ɗan shekara 7, yake hawa katanga wai zai tashi, shekaranjiya ya diro ya gurɗe ƙafa. Kakarsu ta ce tsafi ne. Yaya ake yin abin nan, kuma in hana su kallo ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya kiyaye gaba. Ki kwantar wa kakarsu da hankali, babu tsafi a ciki. Aikin hannu ne irin wanda muke yi a ɗakin tace fim a nan Katsina, sai dai kayan aikinsu sun fi namu nesa ba kusa ba.

Yarinyar da ke tashi, ɗamara mai ƙarfi ake ɗaura mata a ƙugu da cinyoyi, a ƙarƙashin riga, a maƙala mata siraran wayoyin ƙarfe. Ƙarti na gefe suna ja kamar masu jan guga a rijiyar Kusugu, ga katifu an shimfiɗa a ƙasa saboda tsautsayi. Wahalar tana gaba. Fim hotuna ne jere, 24 a kowane sakan, don haka tashin sakan 10 hotuna 240 ke nan, kuma kowanne sai an share wayar daga jikinsa a kwamfuta. Na sha kwana zaune a kan abin da mai kallo zai gani kafin ya ƙifta ido sau biyu.

Sararin samaniyar ma ba ya wurin. Koren ƙyalle ake ratayawa a bayanta, daga baya kwamfuta ta cire kore ta sa gajimare. An zaɓi kore ne saboda ya yi nesa da launin fatar ɗan Adam, baƙi ko fari. Da shi ake ɓatar da yaron can: a rufe shi da koren kaya tun daga kai har ƙafa, a sa masa riga da hula a kai, sannan a ɗauki hoton wurin babu kowa a cike gurbin jikinsa da shi. Wutar hannu kuwa zane ce, amma gwanaye sukan ɗora 'yar fitila a tafin yarinyar don hasken ya bugi fuskarta. Wannan ɗan abin ne yawancin namu ke mantawa, shi ya sa wutarmu take fita kamar an liƙa ta.

Dabarar ɓacewa ta girmi kakarsu. Wani Bafaranshe mai wasan rufa ido, Georges Méliès, ya yi ta tun 1896: a tsayar da kyamara, mutum ya fita, a ci gaba da ɗauka. Ita ce kike gani a finafinanmu in boka ya ɓace kamar mai layar zana.

Batun hanawa, ni ban goyi baya ba, don zai je maƙwabta ya kalla babu mai yi masa bayani. Ki riƙa fara duba fim ɗin da kanki, wasu suna da dodannin da ke hana ƙaramin yaro barci. Sannan in ƙafar ta warke, ki jingina wayarki a kan turmi yadda ba za ta motsa ba. Ya tsaya a tsakar gida ki ɗauka, ki danna dakatarwa, ya ruga ɗaki, ki ci gaba. Ki kira kakarsu ku kalla tare, ya ga kansa ya ɓace alhali ya san ɗaki kawai ya shiga. Daga nan sai ki faɗa masa batun wayoyi da katifun da yarinyar take da su, shi kuma babu ko ɗaya a gindin katangarku.