Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa maigidanta dashen hanta

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Kin ce likita ya ce hantar maigidanki sai dashe, kina tambayar me za ku tanada kafin ku tafi Indiya. Wallahi da na karanta jikina sai da ya yi sanyi, domin irin wannan ciwon Abban yarana ya yi: ciwon hanta nau'in B, ciki ya cika da ruwa, idanu sun koma ruwan ɗorawa.

Ki fara da wanda zai bayar, kuma kar ku dogara da mutum ɗaya. Mu ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya yi alkawari a gaban Hajiyarsu. Jini ya dace, muka sayar da fili muka biya masa biza da tikiti, ana gab da tafiya ya kashe waya. Wai matarsa ta ce wanda aka yanke wa hanta ba ya ƙara haihuwa. Ƙarya ce tsagwaronta, ɓangare ake ɗauka kuma tana tofowa cikin 'yan watanni. A lokacin mijina ya fara rikicewa, cikin dare yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu, ina ɗura masa lactulose, maganin da ake ba mai ciwon hanta in ya rikice, ina kuka, shi kuwa wancan ko leƙe. Da ma tun farko ya ce ba zai iya ba, wa zai tilasta shi? Wannan mutumin Abban yara ne ya yi masa aure. Har yau in mun haɗu a biki, gaisuwa ce kawai. Babban ɗanmu ne ya bayar, Allah ya yi masa albarka.

Indiya kuma ba sa wasa da takardu. Dokarsu ta 1994 ta hana sayen gaɓa, shi ya sa kafin a yi dashen sai kun zauna gaban kwamiti an tabbatar ba saye kuka yi ba. Ku tafi da takardar haihuwa, ta aure, tsofaffin hotunan iyali, da takardar ofishin jakadancin Najeriya da ke New Delhi. Mu har gwajin DNA aka yi wa uba da ɗa.

Ki ware kuɗin magani daban, don shan sa har ƙarshen rayuwa ne. Tacrolimus, maganin hana jiki ƙin sabuwar hantar, kowace awa 12, ki sa ƙararrawa a waya. Ranar gwajin jini kar ya sha na safe sai an ɗebi jinin. Tenofovir ɗinsa, maganin ciwon hanta nau'in B, shi ma ba a dainawa don an sa sabuwar hanta.

Sai 'yan dubiya. Za su cika miki falo, mai tari da mai mura, kowa da jarkar jiƙo da sassaƙe. Ki ɗaure fuska, ko Hajiyarsa ce ta kawo kar ya sha. Haka maganin ciwon jiki diclofenac na kemis, da nonon da ba a tafasa ba. In zazzaɓi ya taso kar ki ce maleriya ce ki jira gari ya waye, ki kira likitansa nan take. Allah ya ba shi lafiya.