Amsa: direban na'urata yana kifar da kernel

Malam, ka ce direban na'urarka (lambar da ke sarrafa na'urar) yana kifar da kernel na Linux (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) duk sanda manhaja ta rubuta masa ta /dev, inda fayilolin na'urori suke. Ina zargin memcpy ka sa wajen kwafar bayanan manhajar, wato aikin kwafa na yau da kullum da ba ya duba adireshi. Adireshin da manhaja ta miƙo ba abin yarda ba ne, wataƙila shafin ma'adanar da adireshin ke nunawa ma ba ya cikin RAM a lokacin. A write (aikin rubutawa na direban) yi amfani da copy_from_user, a read (aikin karantawa) kuma copy_to_user, su ne ke kwafa lafiya tsakanin manhaja da kernel. Abin da suke mayarwa adadin bayit ne da suka kasa kwafa, in ba sifili ba ne ka mayar da -EFAULT, lambar kuskure ta adireshi marar kyau.

Saitin na'ura kuwa bar wa unlocked_ioctl (aikin da ke karɓar umarnin manhaja), tsohon ioctl an cire shi tun sigar kernel 2.6.36. Kada ka taɓa mmap (bai wa manhaja damar shiga ma'adanar direba kai tsaye) sai bayanan sun yi yawa sosai, wahalarsa ba kaɗan ba ce.