Haruffan da suke kama da na gobe: yadda ake zana su da inda suka dace

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin tsara fosta da tambari a kwamfuta, kuma na daɗe ina sha'awar wani salon haruffa da ake gani a fostocin finafinan sararin samaniya da tallan kayan fasaha, wanda harafinsa na "O" da'ira ce cif, wani lokaci ma "A" ba ta da sandar tsakiya. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda ake zana shi, sannan ko ya dace in rubuta ɗan littafin bayanin kamfani da shi daga farko har ƙarshe.
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Irin waɗannan haruffa ana gina su ne a kan da'ira da murabba'i da alwatika da miƙaƙƙen layi, maimakon bin sawun hannun mai rubutu da alƙalami, wanda shi ne tushen tsofaffin haruffan ɗab'i. Duk da kamarsu ta sabon abu, asalinsu ya kusa shekara ɗari. A Jamus, Herbert Bayer na makarantar koyar da zane ta Bauhaus ya zana wasu haruffa masu suna Universal a 1925, sannan a 1927 kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da Futura, aikin Paul Renner, wanda har yau ake ɗauka a matsayin uban wannan zubi. Da Futura aka rubuta allon da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Akwai kuma reshe na biyu daga Italiya, wato Eurostile, wanda Aldo Novarese ya fitar a 1962: haruffansa masu faɗi ne, murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi kamar gilashin talabijin na wancan zamani, kuma shi ne finafinai suka fi riƙa wajen nuna rayuwar nan gaba. Ita kuwa "A" marar sanda, tambarin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a 1975 yana cikin abubuwan da suka yayata ta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa rula da kamfas ba sa gama wannan aiki, ido ne yake gama shi. Ka buɗe "O" ta Futura a kwamfutarka, ka ƙara girmanta har ta cika allo, za ka ga gefunanta na dama da hagu sun ɗan fi samanta da ƙasanta kauri. Dalili kuwa shi ne idon ɗan Adam yana ganin layin da ke kwance ya fi na tsaye kauri ko da awonsu ɗaya ne, don haka mai zane yakan rage wa na kwancen. Haka nan idan ka jera "O" kusa da "H", za ka tarar ta ɗan zarce ta sama da ƙasa, domin da an yanke su daidai wa daida, da sai da'irar ta yi kamar ta fi ƙanƙanta. A wurin da cikin "b" yake haɗuwa da sandarsa ma ana sirantar da layin, don kada tawada ta taru ta yi baƙin tabo. Wannan gyara na ɓoye shi ne bambancin aikin gwani da na wanda ya harhaɗa siffofi kawai, kuma da shi nake auna kowane sabon salo kafin in yaba masa.

Game da ɗan littafinka, ban ba ka shawarar rubuta shi duka da wannan salo ba. An ƙera shi ne domin kalmomi kaɗan masu girma: kanu, tambari, bangon littafi, allon talla, fuskar wasan kwamfuta. A cikin dogon rubutu, haruffan "a" da "o" da "d" da "b" da "p" duk suna zaune a kan da'ira guda, sai su riƙa kama da juna, mai karatu ya gaji tun bai kai rabin shafi ba, balle idan an datse wasu sassan haruffan don ado. Ka yi kanun da shi, ka ba manyan haruffan isasshiyar tazara domin su sha iska, sannan ka zaɓi wani salo mai sauƙin karantawa don gundarin bayanin.

Kafin ka ɗora shi a kan aikin kamfani, ka buga "I" da "l" da "1" a jere ka ga ko ana rarrabe su, ka ƙanƙanta tambarin zuwa girman da zai fito a fuskar waya, kuma ka karanta lasisin, saboda wasu salon an yarda a yi amfani da su kyauta ne a aikin kai kawai banda na kasuwanci. Idan kuma da Hausa za ka yi rubutun, ka gwada ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, domin yawancin haruffan ado ba su ɗauke da su, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo ta cusa a tsakiyar kalma.