Kofin Japan ɗin nan mai karkataccen baki, mi ya sa yake tsada?

TAMBAYA: Salam Anti. Ɗiyata ce ta nuna min wani kofin shayi na Japan a waya, na laka ne, bakinshi a karkace, ko fenti babu, amma wai kuɗinshi ya fi na saitin tangaran ɗin da na saya mata na aure. Ni wallahi randar da na gada wurin innata ta fi shi kyau. Mi suke gani a jikinshi? Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Yadda kika kwatanta shi ya yi kama da na Bizen, can yankin Okayama. Ba sa shafa mishi komai, jera su ake yi cikin wani dogon murhu a yi ta tura itace dare da rana kwana goma ko fiye, toka ta sauka a jikinsu ta narke, nan ya yi ja can ya yi baƙi, shi kanshi maginin bai san abin da zai gani ba sai an buɗe. To wannan tabon wutar shi ake biya. Son karkataccen kwano kuwa ya daɗe, tun zamanin malamin shayinsu Sen no Rikyu da ya rasu a 1591 suke fifita wanda aka matsa da hannu, don yana zama daram a tafi.

Yanzu je ki duba cikin randarki, wajen da wuta ta lasa ya yi baƙi ranar gashi. Shi ne dai, ba wani abu ba. Mu sai mu juya wannan gefen ya kalli bango (ni ma haka nake yi, ba zan ɓoye miki ba).

Kuma zancen ya taɓo mu fa. Wani maginin Japan, Hamada Shoji, shi da wani Bature Bernard Leach suka kafa wurin ginin tukwane a Ingila a 1920, almajirin Leach ɗin Michael Cardew ya zo ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce kike gani bayan naira 20 tana gina tukunya.

Kofin kam kar ki saya, tsadar har da sunan magini a ciki. Randar dai a ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi, a hana yara jingina da ita, in kin sake rubutowa ki faɗa min garin da aka gina ta.